Neman shawara: wane harsashi zan saya, kuma ina ake samun giraus a Minesota?

Bakano_612

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga harkar farauta a ƙasar nan. A Miniyapolis nake zaune, kuma bana nake so in fara fita farautar giraus, tsuntsuwar dajin nan mai kama da fakara da ake ji da ita a arewacin Minesota. Wani Bature abokin aikina ne ya kwaɗaita min, ya taɓa kawo naman ofis na ɗanɗana, wlh tun ranar raina ya biya. To shi kuma yanzu aiki ya mai da shi wata jiha, ba ni da wanda zan bi.

Bindigar da nake da ita shotgan ce geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututu) mai famfo, Mossberg 500, ta hannu na saya, ta zo da cok (ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bututu) guda uku a ƴar leda ban ma san wanne ake ɗaurawa ba. Ranar Asabar na shiga Fleet Farm da niyyar sayen harsashi sai na tarar da kanta guda daga nan har can duk kwalaye, wannan an rubuta 8, wannan 7½, wannan 6, wancan 4, wani inci 2¾ wani inci 3, wani darma wani ƙarfe, wani mai araha wani kuɗinsa ya ninka uku kuma shi an zana tsuntsu a jikin kwalin. Na tsaya ina ta juya kwalaye har na gaji na fito hannu rabbana. Wanne ne ya dace da sabon shiga? Kuma mai tsadar nan dole ne ko dai kwalliyar kwali ce?

Tambaya ta biyu ita ta fi damuna, ina zan je? Ba ni da gona, ba ni da ɗan uwa mai fili, ba ni da kare, kuma ku kun san yadda ƙasar nan take, mutum baƙi da bindiga a hannu ya shiga filin wani bisa kuskure ba ƙaramar magana ba ce. Ina son wurin da na tabbata na gwamnati ne kowa na da haƙƙin shiga, in da hali wanda zan je in dawo a rana ɗaya saboda aiki. Allah ya saka da alheri.

Sarkin_Baka_Dulut

Wa alaikumus salam ƙanina, barka da shigowa sahu. Kwantar da hankalinka, maganar harsashi ita ce mafi sauƙi a cikin tambayoyinka, masu kanti ne kawai suka cika ta da kwalaye.

Koma ka sayi geji 12, tsawon inci 2¾, lamba 7½, nauyin oza 1 ko 1⅛, shikenan. Irin na masu harbin faifai a filin koyo ɗin nan, Federal Top Gun ko Winchester AA ko Remington Gun Club, duk wanda ya fi sauƙin kuɗi a ranar. Kwali ɗaya harsashi 25 ne, ka ɗauki kamar huɗu, uku na koyo ɗaya na daji, kuma in gaya maka gaskiya na dajin nan zai iya kai ka ƙarshen kaka bai ƙare ba domin giraus ba kullum take ba ka damar danna kunama ba.

Lambar nan da ta ruɗa ka girman ƙwayoyin da ke cikin harsashin ce, kuma a juye take, in lamba ta yi sama ƙwaya ta ƙanƙance. A oza ɗaya na darma lamba 8 tana da ƙwaya wajen 410, lamba 7½ wajen 350, lamba 6 kuma wajen 225. To ita giraus ba ta da taurin rai ko kaɗan, ƙwaya biyu uku suka same ta a inda ya dace ta faɗo, wahalarta ita ce samunta. A ƙarƙashin ƙafarka za ta tashi da wata irin ƙarar fiffike da sai gabanka ya faɗi, kafin ka ɗaga bindiga ta sa bishiya tsakaninku, yawancin harbin tsakanin yadi 15 zuwa 25 ne kuma ta cikin ganye da rassa. Kaga abin da kake buƙata ƙwayoyi masu yawa da za su bazu da wuri, ba ƙarfi ba. Mai inci 3 da lamba 4 ɗin nan na agwagwa ne da dinya da makamantansu, in ka zuba wa giraus shi a kusa ba za ka samu abin sawa a tukunya ba, ga kafaɗarka ta sha duka a banza. Ni da farkon kaka lokacin ganye na nan lamba 8 ko 7½ nake sawa, in ganye ya zube wajen ƙarshen Oktoba tsuntsayen sun yi wayo suna tashi daga nesa sai in koma 6. In ba ka son wannan lissafin riƙe 7½ daga farko har ƙarshe ba abin da zai same ka.

Cok kuma duba jikinsu za ka ga rubutu, wanda aka sa IC shi za ka ɗaura, shi ne mai sakin ƙwayoyin su bazu. Na tsakiyan ka ajiye sai ƙarshen kaka in ka ga dama. Wanda ya fi matsewa kuwa mai da shi leda ka manta da shi, a yadi 20 abin da yake watsawa bai wuce faɗin faranti ba, ko dai ka kuskure ko ka ragargaza naman.

Wani abu da nake roƙonka, kafin ka shiga daji ka je filin koyon harbi ka kafa babban kwali a yadi 20, ka yi ɗigo a tsakiya, ka ɗaga bindigar kamar yadda za ka ɗaga a daji ka harba, ka je ka duba da idonka ina ƙwayoyin suka taru. Wata bindigar sama take kaiwa wata ƙasa, kuma ta hannu ka ce ka saya. Daga nan ka yi harbin faifan da inji ke cillawa ko zagaye biyu uku ne, ka saba da cire sefti yayin ɗagawa ba kafin nan ba.

Sai maganar da ba wasa. Duba jikin bututun bindigarka an buga geji da tsawon harsashin da take ɗauka, kar ka wuce abin da aka rubuta. Kuma kada harsashin geji 20 ya taɓa shiga aljihunka tunda 12 kake riƙewa, shi rawaya ne da gangan aka yi shi haka don a gane shi. In ya faɗa cikin geji 12 zamewa yake ya maƙale a cikin bututu ba ka gani, ka ɗora na 12 a bayansa ka harba, bututun ya fashe a hannunka. In kun fita da aboki mai geji 20 kowa ya riƙe nasa. Haka in ka faɗi a daji, kuma za ka faɗi, ka cire harsashi ka leƙa bututun ko laka ta shiga kafin ka ci gaba.

Ɗan_Zazzau_StPaul

Sarkin Baka ya gama magana a kan harsashi ba abin ƙarawa. Ni takardu zan taɓo don mu baƙi ne a nan, abin da ɗan ƙasa zai yi a ja masa kunne mu yana iya taɓa mana zama gaba ɗaya.

Malam Bakano ban san matsayin zamanka ba kuma kar ka rubuta a nan. In kana da girin kad ko ka zama ɗan ƙasa to da sauƙi. Amma masu bizar karatu ko ta aiki ko ziyara da ke karanta wannan su sani dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, har ma harsashi, sai da wasu ƴan togaciya, babba a ciki shi ne mutum yana da lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta ba shi. Ma'ana lasisin ne ke riƙe da kai, ranar da ya ƙare kana da bindiga a gida ka shiga matsala. A Minesota shekarar lasisi daga 1 ga Maris take farawa ta ƙare ƙarshen Fabrairu. Duk wanda yake cikin wannan rukunin ya ga lauya tukunna, kar ya dogara da abin da muka rubuta a nan. Ɗalibi kuma kar ya kuskura ya kai ta ɗakin makaranta.

Lasisin da kake buƙata na ƙananan dabbobi ne daga DNR, wato hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, ga mazaunin jiha bai kai dala 30 ba. Amma in an haife ka bayan 31 ga Disamba 1979 sai ka nuna shaidar ka yi kwas ɗin kiyaye bindiga kafin su sayar maka, manya suna iya yin karatun ta intanet. Akwai kuma wata dama ta ɗan koyo da suke bayarwa wadda za ka fita ba tare da shaidar ba matuƙar kana tare da babba mai lasisi, amma tunda ka ce ba ka da abokin tafiya gara ka yi kwas ɗin kawai ka huta.

Ana buɗe kakar giraus tsakiyar Satumba ranar Asabar, ta kai har farkon Janairu, guda 5 a rana. Dole ka sa wani abu mai launin orenj ko ruwan hoda mai ƙyalli daga ƙugu zuwa sama, ni hula da falmaran duka nake sawa ba na tsayawa a iya abin da doka ta ce. In farkon Nuwamba ya zo aka buɗe farautar barewa da manyan bindigogi, shawarata ka zauna a gida sati biyun nan, daji cika yake. Ɗan littafin dokokin DNR kyauta ne a inda ake sayar da lasisi, duk shekara ka ɗauki sabo domin suna sauya abubuwa. A mota kuma ka cire harsashi, bindiga cikin jakarta, a but.

Ɗan_Maraɗi_Itasca

Salamu alaikum. Ni motar katako nake ja a nan arewa wajen Grand Rapids, kullum ina cikin dazukan nan don haka bari in yi maganar wuri.

Ɗan uwa ka yi sa'ar jiha. Minesota da Wiskonsin da Mishigan su ne gidan giraus a Amurka, mutane daga jihohin kudu suke tuƙo kwana guda cur su zo nan, kai kuwa a bakin ƙofarka take. Filin gwamnati kuma ya yi yawa har ba ka iya gama shi, ba ka buƙatar roƙon kowa. Akwai dazukan tarayya biyu, Chippewa a nan wajenmu ta Cass Lake da Deer River, da Superior can sama da Dulut ta Ely. Akwai dazukan jiha, akwai filayen kula da namun daji da ake kira WMA, akwai kuma filayen ƙananan hukumomi irin su Aitkin da Itasca da St. Louis waɗanda mutane da yawa ba su ma san ana shiga ba. Na je-ka-dawo daga Miniyapolis ka duba Mille Lacs WMA kusa da Onamia da dajin Rum River, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne, ko St. Croix da Nemadji ta hanyar Dulut kusa da iyakar Wiskonsin. Sai dai duk wanda ke birni nan yake zuwa ranar Asabar, in kana samun hutu tsakiyar sati to ka more. In za ka iya kwana ɗaya ka ƙaro gaba zuwa wajenmu, awa uku da ɗan abu ne, bambancin a bayyane yake.

Tunda ba ka da kare kuma kana tsoron faɗawa filin wani, fara da hanyoyin ƙafa da DNR ta ware wa mafarauta, jimlarsu ta haura mil 600 a arewacin jihar, da taswirar kowacce a shafinsu. Yawanci tsofaffin hanyoyin jan katako ne, an sa ƙyaure a baki mota ba ta shiga, wasu an shuka musu ciyawar kuloba wadda giraus ke so, da yamma sai su fito bakin hanya suna tsince ta da ƴan tsakuwa. In ka tarar da mota a bakin ƙyauren ka wuce ta gaba, haka ladabin yake a nan.

Amma abin da nake so ka riƙe, sunan daji ba ya ba ka tsuntsu, shekarun itacen ne. Sabon shiga yana ganin wuri mai manyan bishiyoyi, ƙasa fes, ana tafiya cikin daɗi, sai ya ce nan ne. Ba komai a nan sai hoto. Giraus tana son inda aka sare itacen aspin ya sake tsirowa, daga shekara kamar 8 zuwa 20, sanduna tsaye cunkus kaurinsu daga wuyan hannu zuwa damtse, inda in ka shiga hularka ke faɗuwa kana jin haushin kanka. Nan shaho da mujiya ba sa iya kawo mata farmaki. Ka nemi inda irin wannan ya haɗu da fadama ko ɗan rafi, ko ya yi iyaka da tsohon daji, ka bi gefen. Mu da muke kwasar katakon mun san inda aka sare shekarun baya, kai kuma hoton tauraron ɗan adam zai nuna maka, wurin yana fitowa sumul da launi mai haske da iyaka miƙaƙƙiya kamar an ja layi. Manhajar onX Hunt ta kuɗi ce amma tana nuna maka iyakar filin gwamnati da na mutane kana tsaye, ga wanda ke da damuwa irin taka ta cancanci kuɗinta. Ka sauke taswirar tun daga gida domin sabis ɗaukewa yake, ka kuma sa kamfas na hannu a aljihu, ka duba shi kafin ka bar hanya ba bayan ka rikice ba. Cikin aspin ɗin nan kowace kusurwa iri ɗaya ce, ranar da hadari ya rufe rana taku hamsin ya isa ka rasa gabas.

Tafiyar kuma ba sauri ba. Taku goma sha, ka tsaya cak ka ƙirga kamar goma a zuci bindiga a shirye, tsayuwar nan ita ke tada ta, tana zaton an gan ta. Ka tsaya a inda kake da sararin juya bindiga. In ta tashi ka kuskure ka bi inda ta nufa, ba ta yin nisa sosai, sau da yawa za ka sake tada ta. Mafi daɗin lokaci tsakiyar Oktoba bayan ganye ya zube, da hantsi in raɓa ta bushe, da kuma awa biyun ƙarshe kafin faɗuwar rana. Ta farko da ka samu ka tsaga maƙoƙonta ka ga abin da ta ci, in koren ganye ne ka bi hanya, in ƴaƴan itace ne ka nemi inda suke.

Wuraren shaƙatawa na jiha ba a farauta a cikinsu, kar ka haɗa su da dazukan jiha. Yankin Red Lake na ƴan asalin ƙasar ne ba a shiga. Duk inda ka ga allo an hana shiga ko gona ce ka juya, kuma kar ka yi harbi kusa da gida ko garken dabbobi, doka ƙafa 500 ta ce. Kartush ɗin da ka harba ka tsince kwankon ka sa aljihu.

Bakano_612

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Sarkin Baka na duba, cok ɗin IC yana ciki kuma bututun an rubuta yana ɗaukar 2¾ da 3. Malam na Zazzau takarduna lafiya lau alhamdulillah, kwas ɗin ne ban yi ba, yau da dare zan yi rajista.

Saura tambaya uku. Na ɗaya halaccin naman, in ta faɗo matacciya kafin in iso fa? Na biyu in na gan ta a tsaye a bakin hanya kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, in harba ko sai ta tashi? Abokin nan nawa ya taɓa cewa abin kunya ne. Na uku uwargida ta ji ana maganar darma ta ce ita ba za a kawo mata guba kicin ba, yara ƙanana gare mu.

Maman_Ikram

Yaya Bakano uwargida ta fi ku gaskiya wlh, ku gaishe min da ita. Ni nas ce, maigidana ma yana fita farautar nan kuma sai da muka yi wannan muhawarar a gida. Darma ba ta da wani adadi da aka ce lafiya ne a jinin yaro, kuma mu ƴan arewa ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 inda yara sama da 400 suka rasu. Na san can ƙurar dutsen zinare ce ba nama ba, ba wai ina haɗa girman abin ba ne, amma guba ɗaya ce. Ƙwayar da ka gani ka cire ba ita ce damuwa ba, ɓurɓushin da take bari in ta daki ƙashi shi ne ido ba ya gani. Mu dai na ƙarfe muke saye, lamba 6, shi ya ce ba ya ganin wani bambanci a tazarar da ake harbin. In kuma dole sai darmar to ku yanke duk inda ƙwaya ta bi da faɗi ku zubar, kar a ba mai ciki da ƙananan yara, kuma a wanke hannu bayan an taɓa harsashi kafin a ɗauki yaro.

Ɗaya abin da ba wanda ya faɗa, kaska. Dazukan nan da ake lissafa maka cike suke da ƙaramar kaskar barewa mai kawo cutar Laim, kuma a Oktoba manyan suna nan da ƙarfinsu har sai sanyi ya kankama. Ka fesa wa kayanka maganin permethrin tun kwana ɗaya kafin fita ya bushe, a tufafi ake sawa ba a fata ba, ka cusa ƙafar wando cikin safa ko da za a yi maka dariya. Kana dawowa kayan su wuce injin busarwa da zafi, kai kuma wanka, ka duba hammata da bayan gwiwa da ƙugu da cikin gashi. In ka ga jan zobe yana faɗaɗa a fata ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan ka shiga daji kar ka ce maleriya ce ta tashi ka sha fanadol, ka je asibiti ka ce musu ka shiga daji. Ka sa tabarau kuma saboda rassa. Sannan ka gaya wa uwargida sunan hanyar da za ka bi da lokacin da za ka fito.

Sarkin_Baka_Dulut

Hajiya ta kawo magana mai kyau, ban ƙi ba. Ni tsoho ne na saba da darma amma bindigarka ta zamani ce za ta ɗauki ƙarfe lafiya lau da cok ɗin IC. Ƙa'idar ita ce ƙarfe bai kai darma nauyi ba, don haka ake ƙara girman ƙwaya, mai sa 7½ ko 8 na darma sai ya koma 6 ko 7 na ƙarfe. Shi ƙarfe ya fi taruwa wuri ɗaya, sai ka sake gwada shi a kwali. Ka kuma tauna a hankali, haƙori ba ya wasa da shi. Wata fa'idar, tun 1991 aka hana darma a farautar agwagwa a duk Amurka, kuma akwai filayen tarayya na tsuntsayen ruwa da ko me kake farauta ba a yarda ka shiga da darma a aljihu ba, in ƙarfe kake riƙewa ka huta da wannan tunanin.

Halacci kuwa abin da muka koya wurin malamai kuma muke yi, ka yi bismilla lokacin da za ka harba, da niyyar farauta. In ka iso ka same ta ta mutu ta halatta, in da sauran rai a jikinta sai ka yanka nan take, don haka ƴar wuƙa mai kaifi ba ta barin aljihuna. Ni tun ina jin motsi a ganye bakina ya fara bismilla domin in ta tashi ba ka da lokacin tunawa. Ka ƙara tambayar limaminku don ka samu natsuwa. In ta faɗo kar ka ɗauke ido daga wurin, ka rataye hularka a reshen inda ka tsaya ka tafi kai tsaye, launinta da busasshen ganye ɗaya ne sai ka taka ta ba ka gani ba. Wajen gyarawa ka bar fiffike ɗaya da gashinsa a jiki har ka isa gida saboda jami'an daji in sun tsayar da kai.

Harbi a ƙasa kuma doka ba ta hana ba, masu karnuka ne ke ƙyamarsa, kuma suna da dalili tunda kare na ƙasa. Ni ra'ayina ka bar ta ta tashi, daɗin abin kenan, in nama kawai kake so kaza ta fi araha a kanti. Za ka kuma ci karo da wudkok, ƴar ƙarama mai dogon baki, wuri ɗaya suke zama. Ita tsuntsuwar ƙaura ce dokarta daban, sai ka yi rajistar HIP ta masu farautar tsuntsayen ƙaura lokacin sayen lasisi kuma bindigarka kar ta ɗauki fiye da harsashi uku, ka duba ko sandar toshewar da ke rage yawan harsashin da take ɗauka tana ciki tunda ta hannu ce.

Ɗan_Maraɗi_Itasca

Ranka ya daɗe Sarkin Baka a nan kam mun rabu. Mutum ba kare, ya tuƙo awa biyu, ya sha mai, ya ga rabonsa tsaye a bakin hanya ka ce ya jira ta tashi? Mutanen nan da aka haifa cikin dajin ma da yawansu haka suke ɗaukarta ba wanda ya ce musu komai. Ɗan uwa ta farko dai ka kai wa uwargida, ka nufi kai don kar ka ɓata ƙirjin, in hannunka ya faɗa sai ka koma bin tsarin Baba. Sharaɗi ɗaya, ka tabbata ka ga abin da ke bayanta, hanyar ƙafa ce wani na iya tahowa daga kwana, in ba ka ga bayanta sosai ba ka ƙyale ta. Kuma in kuna tare da mai kare to ba a yi sam.

In ka tashi zuwa sama ka yi min magana ta akwatin sirri, ranar Lahadi ba na aiki, akwai wani yankin daji da muka sare muka kwashe shekarun baya ta wajen Deer River yanzu ya kai daidai. Ka taho da takalmin da ruwa ba ya shiga da safa ta canji, gefen fadama za mu bi.